Kuskuren da Ruwan Sanyi Ta Dasa

A ofishin nan na hawa na biyu, inda fanka ɗaya ke ƙara tun ran da aka kafa ta kuma har yau ba a sami mai gyara ba, ba wanda ke kiran shugabar masu rubuta manhaja da sunanta na gaskiya. Ruwan Sanyi ake ce mata, kuma sunan ya dace da ita. In mutum biyu suka harƙe a kan aiki har jijiyar wuya ta tashi, sai ta taso da kofin shayinta ta tsaya a tsakani, ta taɓa wannan da magana, ta taɓa wancan, kafin ka ankara kowa ya koma kujerarsa yana ganin shi ya yi nasara.

Ba a makaranta ta koyi wannan ba. Mahaifinta mai gyaran rediyo ne, mutumin kirki amma mai zuciya a kusa, ita kuma ita ce 'yar fari. Tun tana ƙarama, daga yadda ya dire akwatin kayan aikinsa a bakin ƙofa take gane ko yau ranar wasa ce ko ranar da kowa zai kama kansa. In ta ji ƙarar ta yi yawa, sai ta kora ƙannenta ɗaki, ta kawo masa ruwa, ta tsuguna ta ce, "Baba, wai wannan jar wayar mece ce amfaninta?" Ta lura in yana bayani fushinsa kan sauka. Sau da yawa ba amsar ce ta dame ta ba, so take gidan ya lafa. Duk da haka wani abu ya maƙale mata a ka, har ya kai ta karatun kwamfuta.

Ran da ta fara aiki a kamfanin, a hannun Malam Amma aka damƙa ta. Dogon mutum ne siriri, mai tabarau da ke zamowa kan hanci, rigarsa kullum da alƙalami biyu a aljihu ko da yake a kwamfuta yake rubutu. Sunan ya samo shi ne daga bakinsa. Ko me ka kawo, sai ya gyara tabarau ya ce, "Ya yi kyau, amma..." Daga nan kuma sai ka nemi kujera.

Dokar ofishin ita ce, ba layin rubutu da zai shiga manhaja sai wani ya duba ya danna masa launin kore, alamar ya amince. Aikin da ya faɗa hannun Malam Amma kuwa, sai ya dawo da tambayoyin da suka fi aikin tsawo. In waya ta mutu fa? In mutum ya danna sau biyu fa? In tsohuwa ce da ba ta gani sosai fa? Samarin ofis sukan ce gara ka haɗu da surukinka a kan hanya ba ka shirya ba, da aikinka ya faɗa hannunsa da yamma. Amma shi ya koya wa Ruwan Sanyi aiki layi-layi, kuma ƙanwata yake ce mata. Da aka ɗaga ta ta zama shugabarsa, ko a jikinsa. "Gara ke, ƙanwata," in ji shi. "Ni ba zan iya da mutanen da ke cewa to kafin su gane tambaya ba."

To wannan mutumin ne ya yi shiru.

Aikin da ke gabansu manhaja ce ta wani kamfanin motocin safa, wadda fasinja zai kama kujera da wayarsa tun daga gida. Ranar miƙa ta ta matso, kowa idonsa ya yi ja. A daidai lokacin ne aikin da aka tura wa Malam Amma ya fara dawowa kore, ba tambaya, ba ƙorafi. A taron safe, inda kowa ke tsayawa ya faɗi abin da ya yi da abin da ya tsaya masa, sai ya ce "ba matsala" ya koma ya toshe kunnuwansa. Alƙaluman nan biyu suka daina fita daga aljihu. Yana zuwa kan lokaci, yana tashi kan lokaci, ba abin da za ka kama shi da shi.

Manaja kuwa baki har kunne. Mutum ne da ke son allon bango ya cika da kore, kuma bai taɓa ganinsa ya yi kore irin na wannan makon ba. "Kin ga aiki yana gudu?" ya ce mata. "Na rasa me kika yi wa Malam, amma ki ci gaba."

Ita dai ba ta yi murna ba. Ta san mutumin da ke musu a kan aiki, aikin nasa ne a ransa. Wanda ya daina, ƙafarsa ɗaya ta riga ta fita. Abin da ya fi tsaya mata kuma, ran da ta gaishe shi a bakin ƙofa sai ya amsa da "Lafiya lau, Shugaba." Ta ji kalmar har cikin ƙashinta. In Malam Amma ya tafi, ba ma'aikaci kawai za ta rasa ba, za ta rasa mutumin da ya tsaya mata ran da ba ta san komai ba.

Da safe tana haɗa wa 'yarta jakar makaranta, ta ba maigidanta labari. Shi malamin lissafi ne, mai son tsokana. Ya ce, "Mutum ya daina faɗa kuma kin shiga damuwa? Ni da na daɗe ina shiru a gidan nan, wa ya taɓa tambayata ko lafiya?"

"Don Allah da gaske nake."

"To kin tambaye shi?"

"Irinsa ba a tambayarsa kai tsaye. Sai an bi ta gefe."

Ya ɗauki makullin babur yana dariya. "Haka kike bi da mu duka, Hajiya. Ta gefe."

Ba ta tsaya ta auna maganar ba, don dabara ta riga ta faɗo mata. Akwai wani layi a manhajar da ke hana mutum kama kujera a motar da ta riga ta tashi. Irin wannan shinge shi ne abu na farko da Malam Amma ya koya mata, har yakan ce wanda ya manta da shi bai cancanci a ba shi kwamfuta ba. Tana isa ofis ta yi wani ɗan gyara, ta cire layin da gangan, ta tura masa ya duba. Ta tabbata ba zai iya haɗiye wannan ba. Zai taso, zai gyara tabarau, zai yi mata tas a gaban kowa, ita kuma ta ji daɗi.

Ta zauna tana satar kallonsa ta saman allonta. Ta ga ya buɗe. Ta ga ya ɗan dakata.

Kore ya bayyana a allonta.

Ta zura wa abin ido kamar ba ta taɓa ganin launin ba. Ashe abin ya kai nan? Ashe ko karantawa ba ya yi? Tana cikin wannan sai mai zanen manhajar, wata 'yar gajeruwa mai surutu da ke zaune kusa da ita, ta leƙo ta ce, "Anti, kin tuna mutanen motocin za su zo bayan azahar su gwada da hannunsu ko? Manaja ya ce duk abin da ya yi kore yanzu kai tsaye yake wucewa cikin wanda za su gwada."

Ita da kanta ta amince da wannan tsari a farkon mako don a rage jira, kuma shaf ta manta. Kuskuren da ta dasa don mutum ɗaya ya gani, yanzu yana kan hanyarsa ta zuwa hannun baƙi. In suka kama kujera a motar jiya a gaban Manaja, za a bi sawu. Za a ga ita ta cire layin, za a ga shi ya danna kore. Ita tana da bakin kare kanta, ko ba komai a ce gajiya ce. Shi kuwa za a ce babban mai duba aiki ya daina dubawa, kuma ita ce ta haƙa masa ramin da hannunta.

Cikin sauri ta buɗe manhajar don ta mayar da layin. Ta yi kuskuren lambar sirrinta, ta sake, ta kuma yin kuskure. Mai zane ta ce, "Anti, lafiya? Kin yi gumi." Ta ce fankar ce. Da ƙyar ta shiga, ta gangara zuwa wurin.

Layin yana nan daram. An mayar da shi, har an ɗan gyara shi ya fi na da tsafta. A gefensa sunan Malam Amma ne, kuma ba ko kalma ɗaya ta bayani.

Ta jingina da kujera. Ya kamata ta ji sanyi, amma abin da ta ji ya fi na ɗazu ciwo. Ya gani. Ya karanta, ya gane, ya gyara, ya wuce. Aikin bai fita daga ransa ba ke nan. Su mutanen ofishin ne suka fita.

Ta ɗaga kai, kujerarsa ba kowa. Ta san inda yake zuwa. A bayan ofishin akwai matakala da ba a cika bi ba, inda ake jibge tsofaffin kujeru da kwalayen kwamfuta. Can ta same shi zaune, yana ɓare lemo a hankali, yana tara ɓawon a kan gwiwarsa.

"Malam, na ga gyaran. Na gode."

"Ba komai, Shugaba."

Ta zauna a matakalar da ke ƙasa da tasa. Bakinta ya kama hanyar da ya saba. "Wai ni kam, Malam, yaya aka yi ka mayar da layin ya fi na da gajarta? Ka ɗan nuna mini mana."

Ya dube ta ta saman tabarau. "Kin san yadda aka yi. Ni na koya miki. Kuma kin san ba mantawa kika yi ba. Tarko kika ɗana mini, kamar ɓera."



"Ba tarkon ne ya dame ni ba," ya ce. "Ga shi yanzu ma kin zo da irin tambayar nan taki, wadda ba amsarta kike so ba. So kike in yi ta bayani har in huce. Na daɗe da gane ta. Da nakan ce ai ƙanwata ce, hali ne. Kin tuna ran da na yi maganar sabis?"

Ta tuna, sama-sama. A wani taro ne, ya fara cewa in sabis ya yanke wa fasinja a tsakiyar kama kujera akwai matsala. Manaja ya duba agogo, samari suka fara murmushi, ita kuma ta shiga tsakani da muryar nan tata mai laushi ta ce magana ce mai muhimmanci, za a zauna a kanta.

"Kin ce za a zauna. Na sake tayar da ita, kika ce kin rubuta. Na kuma tayarwa, kika kawo mini shayi." Ya yi wata 'yar dariya marar daɗi. "Shayin ya yi daɗi, ban ce ba. Manaja in ya ƙi maganata, a fuskata yake ƙi, na san inda na tsaya. Ke kuwa sai ki amsa da kyau, ki shafa mini kai, maganar ta mutu a hannunki ban ma san ta mutu ba. Ni ba yaro ba ne da za a yi ta lallashi. In ba a bukatar abin da na gani, sai in daina faɗa. Hutu ne ma."

"Malam, tafiya za ka yi?"

"An yi mini maganar aiki a wani wuri. Ban ba su amsa ba tukuna." Ya tattara ɓawon lemon a tafin hannu ya miƙe. "Baƙinku sun kusa isowa, Shugaba."

Ya bar ta nan zaune. Kunya ta rufe ta, irin wadda ba ta taɓa ji ba, don abin da take taƙama da shi ne aka juya mata ta ga bayansa. Ita da ke jin motsin ran kowa daga yadda ya ajiye jaka, ta yi wata da watanni tana jin fushin mutumin nan sarai, ba ta taɓa jin maganarsa ba. Ta yi ƙoƙarin tuno abin da ya ce game da sabis ɗin. Rabi ta kamo, rabi ya bi iska.

Baƙin su biyu ne, wani mai ƙiba da ke kula da tashoshin kamfanin da wata mata mai kula da tikiti. Aka zauna a ɗakin taro, aka ba su waya suka gwada. Suka kama kujera, suka soke, suka sake kamawa. Mai ƙiba har ya gwada motar da ta tashi da safe, manhaja ta hana shi, ya gyaɗa kai. Malam Amma yana can ƙarshen tebur, hannuwa a harɗe, idonsa a kan tagar.

"To alhamdulillahi," in ji Manaja yana murza hannu. "In ba mai magana, gobe sai a saki manhajar ga jama'a." Ya faɗe ta ne irin faɗar da ba a jiran amsa, har ya fara rufe kwamfutarsa.

Duk rayuwarta, aikinta a irin wannan lokaci shi ne ta tabbata an tashi lafiya.

"Akwai magana, ranka ya daɗe."

Manaja ya tsaya da hannu a kan murfin kwamfuta. Kallon da ya yi mata ta san shi tun daga gidansu.

"Akwai matsalar da aka nuna mini tuntuni, ni ce ban kawo ta gabanka ba. In sabis ya yanke wa fasinja yana tsakiyar kama kujera, abin zai iya rikicewa. Ban yarda a sake ta gobe ba sai an duba."

"Yanzu? A gaban baƙi?" Muryarsa ta yi ƙasa, wanda ya fi tsawa muni. "Wace irin rikicewa?"

Ta tashi ta je gaban farin allo, ta ɗauki alƙalami. Ta zana waya, ta zana mota, ta ja layi a tsakani. Layin ya fito a karkace. "In ya danna, sabis ya yanke, to kujerar... kujerar za ta ɓace masa. Sai ya zo tasha ya tarar ba shi da wuri."

"In dai wannan ne ai da sauƙi," in ji matar tikiti. "Sai ya sake kama wata."

"Kin ji ko," Manaja ya ce. "A kan wannan za ki tsayar da aikin wata da watanni?"

Ta san ba shi ke nan ba, ta san akwai sauran, amma iyakar abin da ta kamo ke nan. Ta tsaya da alƙalami a hannu. Ba ta dubi ƙarshen tebur ba. Ta riga ta yanke cewa ba za ta roƙe shi da ido ba, ba za ta bi ta gefe ba. Ta sake juyawa ga allon ta fara wani zanen, ta san shi ma ba daidai ba ne.

"Ba haka ba ne."

Kujera ta yi ƙara. Malam Amma ya taso, bai karɓi alƙalamin hannunta ba, nasa ya zaro daga aljihu, ya ga ba na allo ba ne, ya yi tsaki ya karɓi natan. Ya goge rabin zanenta da gefen hannu.

"Kujerar ba ɓacewa take ba. Da ɓacewa take ai da an huta. Wayarsa za ta nuna masa ya samu, mu kuma a wajenmu kujerar tana nan ba kowa, sai mu ba wani. Mutum biyu, kujera ɗaya, kowa da shaida a wayarsa. Kuma ba a nan cikin gari abin zai fi faruwa ba, a ƙananan tashoshinku ne inda sabis ke zuwa yana tafiya."

Mai ƙiba ya ajiye wayar a hankali. "A tashata? Ranar da mota ta cika?" Ya girgiza kai. "Malam, ka taɓa raba faɗan kujera? Wallahi gara a jinkirta."

Aka jinkirta. Manaja ya raka baƙi yana murmushin dole, da ya dawo ya tsaya a bakin ƙofa ya ce mata, "Ki same ni a ofis kafin ki tashi." Ta san zaman ba zai yi daɗi ba, ta kuma san ba shayin da zai gyara shi. Ta ce to.

Ɗakin ya rage su biyu. Malam Amma yana tsaye yana duban allon, gefen hannunsa duk tawada.

"Wannan ma da gangan kika karkata shi?" ya tambaya, bai juyo ba.

"Wallahi a'a, Malam. Iyakar abin da na ji ke nan a duk faɗar da ka yi."

Ya juyo ya dube ta, ya ga gaskiya ce, kuma ta ga abin ya sosa masa rai fiye da yadda ya faranta masa. Ta so ta tambaye shi amsar da zai ba mutanen can. Ta haɗiye, don ba ta da hurumin tambaya tukuna.

Ya tura tabarau sama, ya ja kujera da ƙafa ya turo mata.

"To ba ki ji komai ba, ƙanwata. Zauna. Kuma in na ga kin tashi ɗauko shayi, na fasa."